Kawu, Telan Jarumai, da Koren Yadi

Kawuna ya rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa da ke bayan shagon ɗinki a unguwar Maamobi, cikin Accra. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, shi dai riga mu ya yi. Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa. Washegari da safe aka kafa rumfa a bakin lungu, aka jera kujerun roba, mutane suka yi ta ɓullowa daga Nima da Alajo da Kotobabi, har da waɗanda rabona da su tun ina 'yar firamare.

Na lura da abu ɗaya. Duk wanda ya iso, kafin ya nemi wurin zama sai ya miƙa wuya ya duba wa ke kan tabarmar karɓar gaisuwa. Tsohuwa mai kokon bakin masallaci ta tsaya da sandarta ta ƙura ido, sai ta ce da ƙarfi, "Eii, har yau shi ne a zaune? Alhamdulillahi!" Sai da ta ga ana kallonta ta tuna abin da ya kawo ta, ta ce Allah ya jiƙan Tela. Ba wanda ya ga laifinta, don abin da ke ran kowa ta faɗa. Wanda ke kan tabarmar Yayana ne, ɗan Kawu namiji tilo, wanda tun yana saurayi ƙafarsa ba ta taka shagon ubansa ba sai 'yan makonnin nan.

Maza kuwa, da an shafa fatiha sai hira ta karkata ga kayan da Kawu ya ɗinka musu suna yara. Wani direban torotoro, wato ƙaramar bas ta haya, mai furfura a gemu ya ce, "Cale, abokina, ni ja da shuɗi tsoho ya yi mini, da walƙiya a ƙirji. Na sa shi har ya ƙi shiga. Ranar da Mma ta yanka shi ta yi tsumma, na yi kuka paa." Wani malamin makaranta ya ce nasa rawaya ne da jar alkyabba, kuma har yanzu yana cikin akwatin uwarsa. Suna dariya suna share ido. Yaya yana jin su. Kowa a wurin ya san launin da shi aka ɗinka masa.

Ni 'yar ƙanwar Kawu ce, a gidansa na tashi, yanzu ina sayar da yadi a kasuwar Nima. Na zauna rubuta wannan ne don kada wata rana a ce "akwai wani tela da aka yi a lungun nan" a tsaya a nan. Kuma ba zan ɓoye ba: ina kewarsa, amma sauƙin da nake ji a ƙirjina ya fi baƙin cikin yawa.

Kawu tela ne kamar kowane tela, yana ɗinka kaftani da jallabiya da kayan makaranta, kuma da su ya ci da gidansa. Abin da ya sa unguwa ba za ta manta da shi ba shi ne kayan jarumai. Ya sha ba mu labarin yadda abin ya faro. Yana yaron shago, akan samu littattafan zane na Turawa a cikin dilar gwanjo, waɗanda ake zana jarumai masu tashi sama da ɗaga mota. Masu ƙosai sukan yage su su naɗe wa mutane, shi kuma ya bi ya tsince shafukan, duk maiƙo. Bai iya Turanci ba, har ya koma ga Allah bai iya ba. Abin da ake rubutawa a cikin farin balan-balan ɗin da ke fita daga bakin mutanen bai taɓa sanin mene ne ba. Don haka launi ya karanta.

Kuma ya karanta shi har ya zama masa doka. Yakan ce launuka uku ne iyaye, ja da shuɗi da rawaya, ba a haɗa wani abu a samo su, kuma su ne na jarumi. Sauran duk gauraye ne. Ka zuba shuɗi cikin rawaya ka samu kore, ka zuba ja cikin shuɗi ka samu shunayya, shi ya sa mai zane yake ba wa mugu kore da shunayya, don mugu gaurayayyen mutum ne. "Ku buɗe ko wane shafi," in ji shi, "ku rufe rubutun da hannu. In kun ga ja da shuɗi suna tafe, ku kwantar da hankalinku. In kun ga kore da shunayya, ku riƙe jakarku." Baƙi kuma ya ce na mutumin da bai gama yanke shawara ba ne.

Ba launi kaɗai ba. Tambari a ƙirji yake zama, don nan ido ke fara sauka, kuma dole yaro ya iya zana shi da gawayi a bango, in ya fi haka wuya ya lalace. Safar hannu da takalmi launinsu ɗaya. Rufin fuskar jarumi yana barin baki da haɓa a waje, don a ga murmushinsa a san ba cuta ya zo yi ba, na mugu kuwa har wuya yake rufewa. Mayafin da ke bin bayan jarumi shi yake kira alkyabba, ya ce amfaninta ɗaya ne: hoto ba ya motsi, alkyabba ce ke nuna maka ana gudu. Gajeren wandon da ake ɗorawa a kan dogo ne kaɗai ya ƙi yarda da shi. "Wannan rashin tarbiyya ce," in ji shi. "Ɗan Musulmi ba zai fita da kamfai a waje ba, ko da zai ceci duniya."

Yana da nasa ƙarin da babu shi a littafin kowa. Alkyabba da zare ɗaya rak yake maƙala ta a kafaɗa, ɗinkin da ko akuya ta ja zai tsinke. Iyaye sun sha dawowa suna ƙorafi wai aikin bai yi ƙwari ba. Sai ya nuna musu lungunanmu, ƙusa nan, bakin kwano can, ya ce, "Gara alkyabba ta tsaya a jikin ƙusa yaro ya wuce, da ta shaƙe shi." 'Yan mata kuwa, dogon wando yake musu, ya haɗe alkyabbar da hijabi su zama abu ɗaya. Kafin ya miƙa wa ko wane yaro kayansa, sai ya kama kunnensa ya ce, "Wannan ba ya tashi sama. Ka hau kan kwano ka yi tsalle, zan warware shi in yi matashi." Har yau akwai manya masu iyali da suke taɓa kunne in an tuna.

Da ragowar ƙyallaye yake yin su, yawanci a cikin azumi, bayan ya gama kayan Sallar mutane. Matan da ke zuwa daga arewa suna dako a kasuwa, waɗanda ke kwana a barandar shaguna da 'ya'yansu, ba ya jiran su tambaya. Zai kira yaron ya ce zo in gwada wani abu, ya auna shi da ido, ranar Sallah yaro ya tarar da nasa a rataye tare da na 'ya'yan alhazai, launi ɗaya, tauraro ɗaya. Inna, matarsa, takan ce mutumin nan da za a biya shi ladan surutu da kyauta, da mun gina bene.

Da Liman kuwa sun yi shekaru suna faɗan kore. Abokai ne tun suna samari, tare suke shan shayi a bakin shago, amma da an taɓo zancen sai murya ta tashi. Liman ya ce, "Tela, ka ji tsoron Allah. Tutar masallaci koriya, rawanin Maulidi kore, tufafin 'yan Aljanna ma kore, kai kuma ka ce launin mugu?" Kawu ya ce, "Malam, wancan koren sama ne. Ni koren takarda nake magana." Liman ya ce to in ya cika, lulluɓin makarar masallacin nan ai kore ne, sai ya ga yadda zai yi. Kawu ya kurɓi shayi ya ce, "Ranar ba ni da baki. Amma dai ba ni na ɗinka ba." Gaskiya ne kuwa, ko kaftani kore aka kawo masa, maƙwabcinsa yake tura wa.

Yanzu zan zo kan abin da ya sa tsohuwa mai koko ta yi hamdala a gidan makoki.

Washegarin ƙaramar Sallah yaran lungu sukan sa kayansu su yi wasa a filin da ke gaban shago. Da farko zagaye kawai suke yi suna kaɗa alkyabba. Sai wata shekara suka ce ba daɗi, jarumai sun yi yawa ba wanda za a kama. Kawu ya yarda da su, don shi ma ya san littafi ba ya tafiya sai da mugu. Ya sayo koren yadi, karo na farko a rayuwarsa, ya haɗa da shunayya, ya ɗinka kayan da suka fi duk na sauran aiki, da rufin fuska har wuya. Ya kira Yaya, lokacin bai fi shekara tara ba, ya ce zo ka sa.

Ina ƙarama sosai, daga bakin ƙofa nake kallo, amma na ji abin da Inna ta faɗa. "Malam, ɗan naka?" Kawu ya ce, "To ɗan wa? In sa wa ɗan mutane kore, uwarsa ta zo ta tsaya mini a ƙofa? Nawa ne nake da iko da shi." A wurinsa magana ta ƙare, har yana ganin kara ya yi wa maƙwabta. Haka iyayenmu suke. In abin kunya ya taso a unguwa, ɗan cikinka kake turawa, ka kare na wani, kuma ba ka zama ka yi masa bayani, don ai ɗanka ne, ya kamata ya sani.

Yaya bai sani ba. Abin da ya sani shi ne duk yaran lungu ubansa ya ba su ja da shuɗi da tauraro, shi ya ba shi launin da kullum yake cewa a riƙe jaka in an gani. Aka bi shi da gudu, aka tare shi a bakin kwata, aka danne shi, manya suna tafi. Shekara ta zagayo Kawu ya ƙara wa kayan tsawo. Ta sake zagayowa ya buɗe kafaɗa. Kafin a ankara sunan yanka ya ɓace, unguwa ta koma kiransa Kore. Aka saci mangwaro, Kore ne. Aka fasa gilashin mota, a tambayi Kore. Har malamin allo, in zai dake shi, da sunan yake kiransa. Daga baya ya fara yin wasu abubuwan da gaske, tunda ko bai yi ba shi ake kamawa.

Ya taɓa gwada magana sau ɗaya. Shi ya yi boko, yana karanta abin da ke cikin balan-balan ɗin. Ya kawo wa ubansa wani shafi ya ce, "Baba, duba, wannan kore ne amma shi yake ceton mutane, ga shi an rubuta." Kawu ya ɗaga shafin ya duba sama da ƙasa ya ce mai buga littafin ne tawada ta ƙare masa. Yaya ya ninke takardar ya fita. Sallar da ta biyo baya ya ce ba zai sa ba, ko za a yanka shi. Kawu ya cusa ƙyallaye a buhun shinkafa, ya sa wa buhun kayan, yara suka yi ta dukansa suna ihu, wasa ya yi daɗi kamar kullum. Inna ta tsaya ta kalli buhun ta ce, "Ashe buhu ma zai iya." Kawu ya juya ya shige shago.

Bai daɗe ba Yaya ya bar gida. Ya tafi Abossey Okai ya koyi cinikin kayan gyaran mota, Allah ya buɗa masa, ya yi shago, ya yi aure, ya zauna can unguwar Malam. Duk cikin Accra ne, torotoro biyu kawai, amma ka ce wata ƙasa ce. Yakan zo ya gaida Inna ta ƙofar baya, daidai lokacin da ya san Kawu yana masallaci. Buhun shinkafar azumi ta hannuna yake aikowa. Kawu ya ci, ya sani sarai daga ina take, bai taɓa tambaya ba. In na ce, "Kawu, Yaya yana gaishe ka," wanda ƙarya ce, sai ya ce, "Ina amsawa," ya ci gaba da taka keken ɗinki. Maza biyu masu kai iri ɗaya, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara. Na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa su da Liman, duk a banza. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kada tsohon nan ya mutu a haka, Yaya ya ƙare rayuwarsa da abin a wuya, a zo ɗaukar gawa ɗansa yana tsaye a bayan jama'a kamar baƙo.

Bara ciwo ya kama Kawu, ɓarin jikinsa ya taɓu. Hannuwa suka dawo a hankali, ƙafar dama ta ƙi. Tela kuwa da ƙafa yake taka keke. Muka ce a sayo mai lantarki, ya ce shi ba zai bi keken da ya fi shi sauri ba. Aka lulluɓe keken da zane. Ya rame, ya rage magana, likita ya ce mana a gefe zuciyar ma ta gaji, mu dai mu kula da shi.

Wata safiya na kai masa koko, ya ce in zauna. Liman ya faɗa masa lulluɓin makara ya tsufa, ɓera ya ci gefe, ana neman wanda zai yi sabo. "Ni zan yi," in ji shi. Na zuba masa ido. Na ce, "Kawu, kore ne fa." Ya ce ya sani, ba makaho ba ne. Na ce to ina da kore mai kyau a rumfa, gobe zan kawo. Ya girgiza kai. "Ba ke ba. Ki ce wa Yayanki shi zai saya, shi zai kawo da hannunsa. Ta ƙofar gaba."

Na tafi Abossey Okai a ranar. Na tarar da Yaya a cikin ƙarafa, hannu duk baƙin mai, yana ciniki da wani makanike da yaren Twi. Da na faɗa masa saƙon, fuskarsa ta canza. "Kore? Ni zan kai masa kore? Har yanzu tsohon nan bai gaji da ni ba?" Na ce lulluɓin makara ne. Ya ce, "To ya aiki buhu ya kai masa." Raina ya ɓaci, na manta da girmansa. Na ce, "Yaya, furfura ce a kanka, 'yarka ta kusa aure. Mutumin nan ƙafarsa ta mutu, zuciyarsa na bin ta. Bai iya cewa yi haƙuri ba, yadi kaɗai ya iya magana da shi, kai ma ka sani. In ka ga dama ka zo, in ka ga dama ka jira a kira ka a waya." Ya ce, "Kin gama?" Na ce na gama. Ya juya wurin makanikensa.

Kwanaki suka yi ta wucewa. Kullum da safe Kawu sai ya sa a zaunar da shi a shago, fuskarsa ga ƙofa, wai yana shan iska. Bai tambaye ni me Yaya ya ce ba, ni ma ban faɗa ba. Numfashinsa ya fara yin sama-sama. Inna ta daina cin abinci sosai. Ni kuwa duk wayar da ta yi ƙara a kasuwa sai in ce shi ke nan, an makara.

Wata ranar Alhamis ina auna wa wata mata atamfa, na ɗaga kai na ga Yaya tsaye a bakin rumfata da fararen kaya. Bai gaishe ni ba. Ya nuna jerin yadi da haɓa ya ce, "Wanne ne koren kirki? Ban san komai a kansa ba, tun da na girma ban taɓa sayen ko hankici kore ba." Na sauko masa da mafi kauri. Na rufe rumfa da rana tsaka na bi shi.

Ta ƙofar gaba ya shiga. Ya yi sallama, Kawu ya amsa. Ba wanda ya tambayi wani lafiya. Kawu ya karɓi yadin, ya murza shi tsakanin yatsu, ya ɗaga shi ga haske, ya ce, "Ba laifi." Sai ya ce in buɗe akwatin ƙarƙashin tebur in ɗauko abin da ke ƙasa. Tsohuwar alkyabbar shunayya ce, ta kayan Yaya, ta koɗe amma ba ta yage ba. Yaya ya gan ta ya kau da kai. Kawu ya sa almakashi ya yanka ta siri-siri ya ce da ita za a yi wa lulluɓin baki. Na ce, "Kawu, a lulluɓin makara?" Ya ce, "In zan sa, in sa cikakke."

Aka yaye zanen keke, aka zaunar da shi. Ya ɗora ƙafar hagu ya gwada, keken ya yi gaba ya dawo baya, zare ya tsinke. Ya sake, haka. Gumi ya keto masa. Yaya yana tsaye yana kallo, sai kawai ya tattare farar rigarsa, ya durƙusa a ƙasa gaban ƙafafun ubansa, ya sa tafukan hannu biyu a kan abin takawar. Ya danna. Keken ya tashi. "A hankali," in ji Kawu. "Ba injin mota ba ne." Yaya ya rage.

Haka suka yi aikin, uba a sama yana jan yadi, ɗa a ƙasa yana ba shi ƙafa. Inna ta zo bakin labule ta tsaya, ta toshe baki da gefen mayafi. Sai da suka gama gefe ɗaya Kawu ya ɗaga hannu, keken ya tsaya. Bai kalli ƙasa ba, allura yake kallo. Ya kira Yaya da sunansa na yanka, sunan da ni kaina sai da na yi ɗan tunani kafin in tuna nasa ne. Ya ce, "Na ji kunyar iyayen mutane, ban ji tsoron Allah a kanka ba. Ni na sa maka kore, ba ka zaɓa ba. Wannan kai za ka sa mini, duk unguwa ta gani. Ka yafe mini."

Yaya bai ɗago ba. Ya kifa goshinsa a kan matacciyar gwiwar ubansa yana kuka. Can ya ce, "Baba, na yafe. Ni ma ka yafe mini." Kawu ya ɗora masa hannu a ka na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To danna, sauran gefe uku." Ni da Inna muka fashe da dariya muna kuka.

Da aka kai wa Liman lulluɓin ya shimfiɗa shi, ya bi bakin shunayyar da yatsa, ya dubi abokinsa. Muka tsaya muna jiran fatawa. Ya ce, "Ban ga inda aka hana ba." Sai ya ƙara da cewa, "Ka ce ba kai za ka ɗinka ba." Kawu ya ce, "Malam, ka ci wannan. Kada ka saba."

Ya ƙara 'yan makonni a duniya. Kullum Yaya yana zuwa bayan ya rufe shago, ya yi masa aski, ya ɗauke shi zuwa bayi, su yi musu a kan ƙwallo. Ya kawo 'yarsa ta gaishe da kakanta a shago, ba a ɓoye ba. Ranar da zai cika, Yaya ne ke riƙe da hannunsa yana laƙƙana masa kalmar shahada, kuma shi ya tsaya a wurin wanka. Allah ya ba ni abin da na roƙa, ban san yadda zan gode masa ba.

Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, don haka daga bakin ƙofa na yi sallama da shi, ƙofar da na tsaya ina yarinya na ga an danne Yaya a bakin kwata. Aka fito da makara aka ajiye a filin gaban shago. Liman ya miƙa wa Yaya lulluɓin a ninke. Ya warware shi, ya shimfiɗa a kan ubansa, ya bi kusurwoyi yana gyarawa har suka daidaita. Koren ya sha rana, bakin shunayya ya fito sarai.

Filin cike yake da mutanen da suka taɓa sa ja da shuɗi da rawaya a wurin. Na ga lokacin da suka gane launukan, ɗaya bayan ɗaya, surutu ya mutu. Direban torotoron nan ya cire hularsa ya mayar, ya rasa inda zai sa ido. Da aka ce a ɗauka, shi ya fara matsowa. Ya buɗe baki zai ce Kore, kamar yadda ya saba tun suna yara, sai ya haɗiye, ya kira Yaya da sunansa na yanka, ya ce, "Kai ne gaba. Mu muna bayanka."

Yaya ya sa kafaɗa. Suka ɗaga, suka shiga lungu, shi a gaba, dukansu suna biye da shi, ba mai gudu. Na bi koren da ido har ya sha kwana wajen masallaci.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kamar yadda ɗansa ya yafe masa, ya tufatar da shi da koren da Liman ya daɗe yana ba shi labari. Na tabbata zai murza shi tsakanin yatsu tukuna, kafin ya ce ba laifi.